Injin da Gavin Ya Sayo

Babbar motar ta riga ta take mini furannin bakin ƙofa kafin in fito. Direba yana ta ja da baya, maƙwabcina Gavin Pridham kuma yana tsaye da rigar barci, tukunyar iskar numfashi a gefensa, yana ba da hannu kamar ɗan sandan hanya.

"Gavin, wace masifa kuma ka sayo mana?" na ce.

"Inji ne, Merv. Kwantar da hankalinka, bai kai ka surutu ba."

Mun tsufa muna maƙwabtaka a Salisbury, shinge ɗaya tsakaninmu. Shi da matarsa Noelene suna naɗa siririyar wayar tagulla a rumfar bayan gida, 'yan ƙananan naɗe-naɗe da ake sawa cikin rediyon masu haƙar ma'adinai. Ita ke naɗi da hannu, shi ke liƙi da dalma. Hayaƙin dalma da na taba suka haɗu suka cinye masa huhu.

Masu sayen kayan sun ce ko ya ninka aiki, ko su koma wani wuri. Sai ya ci bashin banki, irin wanda gwamnati ke tsaya wa ƙananan masana'antu, ya sayo injin naɗi. Ni kuwa daga banki na yi ritaya, kuma bakina bai iya shiru ba.

"Ka dai san banki gwamnati ta tsaya wa, ba kai ba? Ranar da biya ya tsaya, gidan nan za a fara taɓawa."

"Na sani. Noelene ma ta sani, ita ta karanta mini takardun. Matsalar ita ce ta ƙi ko kallon injin."

Haka ne kuwa. Kullum da hantsi ina jin su ta shinge.

"Noel, zo ki ga inda ake zura wayar."

"Ai kana nan. Mai inji ya ji da injinsa."

"Ba kullum zan..."

"Shayinka na hucewa, tsoho."

Taurin kai tana da shi, amma wannan ba shi ba ne. Ta san abin da koyon yake nufi: shirin ranar da babu shi.

Da ƙafafunsa suka daina kai shi rumfar, sai ya ce in riƙa tura shi a keken marasa lafiya, wai ni zai koya wa. Ni da ko ƙwan lantarki sai an canza mini! Ya zaunar da ni gaban injin, yana bayani da ƙarfi, yana tsayawa ya ja numfashi.

"Kada ka ja wayar da yawa, Merv, za ta tsinke. Koren maɓalli tukuna, jan maɓallin kuma sai ka ji wayar ta yi ƙara."

Noelene tana can kan teburinta, ta ba mu baya, tana naɗinta da hannu. Hannunka mai sanda ne, kowa ya gane. Na lura dai duk lokacin da ya ɗaga murya, hannunta yana tsayawa. Sun ba ni tausayi, har na daina mita.

Gavin ya rasu wata Talata da safe, motar shara tana ƙugi a layinmu. Bayan binnewa aka taru a kulob ɗin masu wasan mirgina ƙwallo a kan ciyawa, aka ci burodi da nama, aka watse. Rumfar ta yi shiru har na fara ƙin shirun.

Wata safiya ina ba wa furanni ruwa, Noelene ta leƙo ta saman shinge, sanye da tsohuwar rigar aikinsa.

"Merv, me ya ce maka game da jan maɓallin nan?"

"Wallahi ban riƙe ko ɗaya ba."

"Na sani. Tambaya kawai nake."

Ta koma ciki. Injin ya tashi, ya yi ƙara, ya mutu. Na ji ta yi tsaki. Sai ya sake tashi, wannan karon a hankali, bai tsaya ba. Na tsaya da tiyo a hannu, ruwa ya cika tukunyar fure yana malala kan silifas ɗina.