Dama ko Hagu, Inna?

Wata huɗu cur Inna Yabawa ba ta taka gidan biki ba a garin Gure, duk saboda Jibirilla. Ɗan da ta yi shekaru tana cika baki da shi, malamin fizik a jami'a, mai binciken yadda iska ke tura tudun rairayi cikin gonakin mutane, wai shi ne ya ajiye aiki ya koma wata ƙungiyar ƙwallo a Yamai. Kuma ba bugawa yake ba, kallo! Ƙato da gemunsa, a ce sana'arsa kallon ƙwallo. Da wane baki za ta faɗa wa mata? In maƙwabciyarta Indo ta leƙo ta katanga ta tambaya, sai ta ce hutu yake yi.

Ranar da ya zo ganin gida ta amsa gaisuwarsa ciki-ciki, ta tura masa kwanon fura ba ta ko dube shi ba. Tana son ɗanta, wallahi tana sonsa, amma kunya ta hana ta sakin fuska.

Suna zaune sai wata jar akuyarta mara mutunci ta tsinke igiya ta nufi zaure. Yabawa, wadda ta tashi cikin awaki a karkarar Alakos, ta miƙe ta tare hanya. Akuya ta karkata kai dama. Tsohuwa ta yi hagu abinta, sai ga akuya ta faɗo hannunta caraf.

Jibirilla ya ajiye ludayi.

"Inna, yaya kika san hagu za ta yi?"

"Ji wata tambaya! Ƙugunta na duba mana. Wa ke bin kan akuya? Ai da kan take yaudara."

Ya zabura ya ɗauko ordinatarsa, wato kwamfutarsa ta hannu, ya durƙusa gabanta a kan tabarma. Ya nuna mata wani ɗan wasa ya taho da gudu zai yi bugun daga kai sai mai tsaron gida, sai ya tsayar da hoton kafin ƙafa ta taɓa ƙwallo.

"Dama ko hagu, Inna?"

"Ni za ka mayar abokiyar shiriritarka?"

"Don Allah, sau ɗaya."

Ta ja tsaki, ta kalli hoton a wulaƙance. "Can zai buga," ta nuna da haɓa.

Ya saki hoton. Can ɗin kuwa ya buga. Ya kawo na biyu, ta faɗa daidai. A na biyar ta riga ta gyara zama, ta ture hannunsa wai yana tare mata. Cikin goma ta ci tara, na goman ma ta rantse santsi ne ya kwashi yaron.

Jibirilla ya yi dariya har da hawaye. "Inna, shekara biyu ke nan, tun ina jami'a, ina koya wa na'urar nan lissafin nauyin jiki da inda yake karkata. Bakwai take ci cikin goma. Aikina ke nan, in gano inda za a buga, in faɗa wa mai tsaron gidanmu inda zai faɗa."

"To ka ce masa ya bar kallon idonsu. Dubi wancan, ido dama, ƙugu hagu, sak jar akuyata." Ta juyo ta dube shi. "Wai tsaya. Wannan shi ne aikin? Har mutane masu hankali suka ɗauke ka dominsa?"

"Shi ne, Inna."

Daɗi ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Shekara da shekaru yana yi mata bayanin rairayi da iska tana gyaɗa kai kawai. Yau ne karon farko da ta gane abin da ɗanta ke yi, har ta fi shi iyawa.

Indo ta leƙo ta katanga, jin dariya. "Lale da baƙon Yamai! Har yanzu hutun ne?"

Yabawa ta miƙe tana laluben mayafinta, don ta tuna ana suna a gidan Tahiru, kuma duk matan unguwa suna can.

"Wane hutu? Sana'ata ya gada, Indo. Jira ni, tare za mu."