Hutun Rabin Lokaci a Falon Baba Kure

"Ajiye rimot ɗin, Oga Badaru," in ji Baba Kure. "Bar shi ya gama magana."

Badaru ya tsaya da yatsa a kan maɓallin rage murya. An tafi hutun rabin lokaci, tallan taliya ya wuce, na kamfanin waya ya wuce, sai fuskar talabijin ta yi baƙi ƙirin. Ƙarar bugun zuciya ta fara fitowa a hankali. Aka nuno wani mutum mai furfura zaune a kujerar roba yana kallon ƙwallo, kofin shayi a hannunsa. Bugun ya yi sauri, ya tsaya cak, kofin ya faɗi. Wata murya mai kauri ta yi magana da Turanci, ta maimaita da Hausa: "Wasa minti casa'in ne. Kai nawa ya rage maka?" Lambar waya ta fito a ƙasa, da sunan wata majami'a a rubutu ƙanana.

Baba Kure bai motsa ba sai da aka koma nuna fili. Gumi ya jiƙa wuyan singiletinsa, ga fanka kuwa tana juyawa a kansa.

Tsohon direban ma'aikata ne da ya yi ritaya, mutumin kudancin Kaduna. Shi da matarsa Christina ke zaune a sashen gaba na gidan haya a Kurudu, Badaru da matarsa Saudatu suna na baya. Christina na da shagon atamfa a kasuwar Wuse, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Badaru ma'aikaci ne a wani ofis a Garki, kuma tun zuwansa gidan, duk Asabar bayan azahar a falon Baba Kure yake kallon ƙwallo, saboda shi ke da babbar talabijin da janareta. Ba ƙungiya ɗaya suke goya wa baya ba. Hakan ne ma daɗin abin.

"Baba, talla ne fa," Badaru ya ce. "Wannan mutumin ɗan wasa ne, biyansa aka yi ya yar da kofi. Yanzu haka yana gidansa yana cin tuwo."

"Na sani."

"To me ya sa ba za mu rage masa murya ba?"

Baba Kure ya share wuya da ɗan tawul. "Idan Allah ne ya aiko shi falona, ni ne zan rage masa murya?"

Badaru ya ajiye rimot ɗin. Ya dubi ƙafafun tsohon da ke kan ƙaramin tebur. Sun kumbura har silifas ya yi musu shaida. Tun farkon damina likita ya ce zuciyarsa ta yi girma, ya hana shi gishiri da hawa bene, ya ba shi magunguna cike da robar man shafawa. Bai hana shi ƙwallo ba, don Christina ta ce in aka hana shi wannan, to an gama da shi.

Ranar Laraba Badaru ya dawo aiki da wuri, ya tarar da shi zaune a gindin mangwaron tsakar gida, waya a cinya.

"Na kira lambar," Baba Kure ya ce, tun kafin su gaisa.

"Wace lamba?"

"Na tallan nan. Ba mutum ba ne ya ɗauka. Inji ne. Ya ce in danna ɗaya idan ina son addu'a, in danna biyu idan zan ba da gudummawa. Na danna ɗaya, aka sa mini waƙa. Ina ta jira har kati ya ƙare."

"Ka ga ni? Kasuwanci ne."

"Wataƙila." Ya ja numfashi ta baki. "Oga Badaru, ni dattijo ne a coci. Na riƙe hannun masu mutuwa, na gaya musu kada su ji tsoro. Da bakina. Ban san ina ƙarya ba. A coci in an yi wa'azin mutuwa, mutum ya shirya, ya sa rigan Lahadi, yana cikin mutane. Wannan kuwa yana zuwa ina cikin singileti, ina zagin gola. Kamar an buɗe mini ƙofan bayi."

"Ka gaya wa Maman Felicity?" Haka ake kiran Christina, da sunan 'yarsu da ke aure a Jos.

"Matana ya isa da wahala. Na gaya wa Fasto Enoch. Ya ce ba cocinmu ba ne, in kashe talabijin kawai." Ya ɗago ido. "A naku addini, mutum yana sanin ranarsa?"

"Ba wanda ya sani, Baba. Allah kaɗai."

"Namu ma haka. To wannan murya, me ya sa yake magana kamar ya sani?"

Badaru ya yi 'yar dariya ya shige sashensa. Abin da bai faɗa ba shi ne, ya taɓa ganin irin tallan na ɓangarensu a wata tasha, lokacin azumi, tsakanin wasa da wasa: makara a kafaɗun mutane, ƙasa ja, da muryar wani malami. Da sauri ya canza tasha a ranar. Tun kuma da Baba Kure ya fara wannan zance, sai Badaru ya riƙa tsintar kansa a cunkoson Nyanya da safe, yatsunsa biyu a kan jijiyar wuyansa, yana sauraro. Mahaifinsa bai kai shekarun Baba Kure ba ya faɗi a gona.

Asabar da ta biyo baya Badaru ya so ya ƙi zuwa kallon ƙwallon. Ya kwanta bayan azahar, ya ce wa Saudatu kansa na ciwo.

"Baba Kure yana ta leƙo ƙofarmu tun ɗazu," ta ce. "Har gyaɗa ya sa aka sayo. Ka je mana, Baban Hafsah. In ba kai ba, shi kaɗai zai zauna da abin nan."

Ya je. Wasan ya yi zafi tun daga farko. Masu jar riga, ƙungiyar Baba Kure, suka ɓarar da fenariti, tsohon ya ɗaga hannu zai yi faɗa, sai hannun ya tsaya a sama. Ya sauke shi a hankali ya dafe ƙirji.

"Baba?"

"Iska ne. Ba komai. Miƙo mini ruwa."

Kafin Badaru ya dawo da kofi, Baba Kure ya zame daga kujera, ya zauna a kan ledar ƙasa, bayansa jingine da kushin. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Numfashinsa na fita da wata ƙara, kamar ana jan ruwa da tsinken roba a ƙasan kwalba.

Badaru ya leƙa ta taga ya ƙwala wa Saudatu kira. Da ta shigo ta ga halin da ake ciki, ba ta tambayi komai ba. Ta ja mayafi ta fita da gudu neman Manniru, mai tasi da ke ajiye motarsa a bakin layi.

Ya durƙusa kusa da tsohon. Ya fizge murfin robar magani, ƙwayoyin suka watse a ƙasa, farare da jajaye, bai san wanne ne na me ba. Ya kira wayar Christina, ta yi ta ringi cikin hayaniyar kasuwa ba a ɗauka ba. A talabijin alƙalin wasa ya busa usur. Tallan taliya ya shigo da kiɗansa.

Idanun Baba Kure suka juya wajen talabijin. Ya damƙi hannun rigar Badaru.

"Yana zuwa," ya ce.

"Kada ka kalla, Baba. Kalle ni."

Fuskar talabijin ta yi baƙi. Bugun zuciyar ya fara. Badaru ya ji shi a cikin nasa ƙirjin. Ya lalubi rimot a kan tebur, babu. A ƙarƙashin kushin, babu.

"Oga Badaru." Muryar ta koma raɗa. "Kada ka bari in tafi da wannan murya a kunnena."

Badaru ya rarrafa zuwa bango, ya fizge wayar daga soket da ƙarfi har dikoda ta faɗo ƙasa. Falon ya yi tsit. Sai fanka, da wannan numfashi.

Ya dawo ya ɗora kan tsohon a kafaɗarsa. Kalmar shahada ta zo masa bakin harshe da kanta, kamar yadda ya ji ana laƙƙana wa masu tafiya tun yana yaro. Ya riƙe ta. Wannan mutum ya yi shekara saba'in a kan hanyarsa, ba yau Badaru zai zo masa da wata ba, yana kwance ba ya iya musu. Amma kuma shirun ya fi ƙarfinsa. Bai taɓa jin tsoro irin wannan ba, tsoron kada mutum ya mutu a hannunsa bai ce masa komai ba.

"Baba, ban san addu'arku ba," ya ce. "Ka yi, ni zan ce amin."

Baba Kure ya lumshe ido. Ya fara magana, ba da Hausa ba, ba da Turanci ba, da yaren garinsu, wanda Badaru ke ji kawai in tsohon da Christina suna gardama a kicin. Kalmomin na fita guntu-guntu, numfashi na yanke su. Duk inda ya tsaya, Badaru ya ce amin. Wani lokaci bai san ko ƙarshen magana ba ne ko numfashi ne ya ƙare, ya dai ce amin. A hankali yatsun da suka damƙe rigarsa suka saki, suka kwanta a kan hannunsa.

Daga gidan kallon ƙwallo na bayan layi wani ihu ya tashi, mutane na buga benci. An dawo daga hutu ke nan.

Baba Kure ya buɗe ido. "Su wa suka ci?"

"Ban sani ba, Baba. Na zare wayar."

Gefen bakin tsohon ya motsa. "Ka yi daidai," ya ce.

Manniru ya shigo da motarsa har ƙofar gida. Su biyu suka ɗauke shi, Saudatu na riƙe da ƙofa. Badaru ya zauna a baya, kan Baba Kure a cinyarsa. Hanyar Karu a cike take kamar kullum, 'yan acaba na kutsawa, masu rake da masu ruwan leda na bin tagogi. Manniru ya yi ta danna hon, ya fitar da hannu yana roƙon a ba shi hanya. Wajen Jikwoyi Badaru ya lura ƙarar nan ta numfashi ta daina. Ya sa tafin hannu a ƙirjin singiletin, ya jira. Ya ƙara jira.

Manniru ya dube shi ta madubi. Ya sauke hannu daga hon.

"Oga, mu ci gaba?"

"Mu ci gaba," Badaru ya ce.

A asibiti likita bai daɗe a kansa ba. Christina ta iso a kan acaba, almakashin yankan atamfa na rataye a wuyanta da igiya, ta manta ba ta cire ba. Ta shiga ɗakin, ta daɗe, ta fito ta zauna kusa da Badaru a kan bencin baranda. Ba ta yi kuka ba tukuna.

"Abin nan ya zo?" ta tambaya.

Ya dube ta.

"Na sani," ta ce. "Yana tsammani ban sani ba. Duk Asabar in na dawo ba ya iya cin abinci. Ya zo?"

"Ya fara. Na zare wayar kafin ya yi magana."

Ta gyaɗa kai. "Ya ji tsoro?"

Badaru ya so ya ce a'a. "Da farko ya ji, Mama. Daga baya ya yi addu'a da yarenku. Ta yi ɗan tsawo. Na ji sunanki a ciki, da na Felicity. Sauran ban gane ba."

"Kai ka ce amin?"

"Na ce."

Ta kama hannunsa da hannuwanta biyu, ta kifa goshinta a kai. Sai a lokacin kafaɗunta suka fara rawa.

Fasto Enoch da matan coci suka zo suka karɓe ta. Badaru ya koma Kurudu shi kaɗai gab da magariba, hadari ya haɗo ta gabas, iska na kaɗa rufin kwano. Ya tura ƙofar gida ya tsaya.

Saudatu na tsakar gida tana kwashe shanya, yayyafi ya fara sauka. Ta gama da nasu, ta isa ƙarshen igiya inda wata farar riga mai dogon hannu ke lilo, da baƙin wando da safa, kayan da Christina ta wanke wa mijinta da safe don gobe Lahadi. Ta cire su ɗaya bayan ɗaya, ta ninke rigar a ƙirjinta, ta gyara wuyan. Sannan ta tsaya a tsakanin ƙofofin biyu, ruwa na ɗiga a mayafinta, tana kare kayan da hannu kada su jiƙe.