Ranar da Aka Wanke Jirgi

Amidu ya jingine babur a zaure, ya shigo da gwangwanin madara a hannu ɗaya, ledar biskit a ɗayan. Yana sa ƙafa a tsakar gida ya tsaya cak. Ga jirginsa can kan wani kwano da aka kife, an shanya shi a rana, ruwa yana ɗiga daga fikafikansa. Fari tas, har ƙyalli yake yi.

"Yaya Fuseina!"

Yayarsa ta leƙo daga madafa, ta sha ɗamara da mayafi, hannuwanta duk kumfa.

"Ka dawo? Ka ga abinka? Sau uku na canza ruwa, Amidu. Baƙo tun daga Ingila, ka tashi ka nuna masa abu kamar an tono shi daga kwata?"

Amidu ya ajiye madarar a ƙasa a hankali. Shekararsa hamsin da biyu, talatin daga ciki yana gyaran agogo a kasuwar Salaga.

Jirgin bai wuce tsawon tafin hannu biyu ba. Kwafi ne na ƙaramin jirgin feshi da mahaifinsu, Malam Mukaila, yake zuba wa mai a filin saukar jirgi na Yendi shekarun baya. Hoto ɗaya tak ya rage, marar launi, tsohon yana tsaye gefen taya da mazurari a hannu. Wata bakwai Amidu ya yi yana harhaɗa jirgin da roba da waya. Makonni ukun ƙarshe kuwa a kan dattin kawai suka tafi: tsatsa, hayaƙi, tabon mai, duk da wani garin launi da abokinsa ya aiko masa cikin 'yan kwalabe. Yau da safe ya yi niyyar fesa masa abin da zai riƙe launin. Madara ce ta fitar da shi.

Abokin shi ne Mista Kolin, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya. A wani zauren masu haɗa ƙananan jirage na intanet suka haɗu. Shekara uku suna hira ta waya, har Amidu ya san rayuwarsa kamar ta maƙwabci: 'yar rumfar katako a bayan gida inda yake aiki, magensa mai kwanciya cikin kwalin jirgi, shayi da ƙarfe goma sha ɗaya da biskit biyu daidai, rediyo yana ba da labarin ruwan sama. Kolin ba ya yabo don kunya. Jirage biyu Amidu ya taɓa nuna masa a hoto, duka biyun ya ce, "Sun yi kyau, amma abin wasan yara ne. Jirgi mai tsabta ƙarya yake yi."

Yanzu ya zo Tamale wurin 'yarsa mai aiki a can, kuma ya ware wa Salaga awa biyu. Ya ce akwai gurbi ɗaya a akwatinsa. In jirgin ya kai, zai tafi da shi baje kolin ƙungiyarsu, a ajiye shi kan tebur da sunan Malam Mukaila a gabansa. In bai kai ba, za su sha shayi su rabu lafiya.

"Yaya," in ji Amidu, muryarsa ƙasa ƙasa, "dattin nan shi ne aikin."

"Wane aiki?"

"Ni na sa shi. Da gangan. Sati uku."

Hajiya Fuseina ta dube shi, ta dubi jirgin. Duk zangon Salaga an san ta da tsabta. Doyar da take sayarwa ma sai ta kakkaɓe ta ɗaya bayan ɗaya kafin a loda a motokin, matan unguwa har tsokanarta suke yi wai ƙuda yana cire takalmi a ƙofarta.

"Ka zauna sati uku kana ɓata abu da hannunka? Innalillahi. To ka sake shafa masa mana."

Ya shiga ɗaki ya fito da kwalaben, ya kife su ɗaya ɗaya a tafin hannunsa. Ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Wayarsa ta yi ƙara. Saƙon Kolin ne: sun baro Tamale, direba ya ce ƙarfe ɗaya za su iso, hanya akwai ramuka amma yana jin daɗi. Agogon hannun Amidu ya nuna goma da kwata.

Ya zauna kan turmi ya dafe kai. Hajiya ta tsaya tana kallon kwalaben. Can ta ɗauraye hannunta, ta goge da gefen mayafi, ta ce, "Kawo hoton Baba."

Ya kawo. Ta nisanta shi da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Da nake wankewa, na ga ka zuba baƙi a saman fiffike. Wa ya ce maka nan yake baƙi?"

"Haka ake yi. Haka Kolin yake yi."

"Kolin ya taɓa zuwa Yendi? Kai ana goye da kai lokacin. Ni nake kai wa Baba abinci filin nan, shekarata tara. Saman fiffike rana ta cinye shi, fari ne kamar tsohon kwano. Cikinsa ne ja, jar ƙasar filin, daga taya har wutsiya. Kuma nan," ta sa farce gefen ƙofar jirgin, "nan Baba yake dafawa in zai hau. Kullum akwai shatin hannunsa."

Amidu ya ɗago kai. "Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ka taɓa tambayata? Kai da Baturenka kuke ƙus-ƙus a waya." Ta miƙa masa hoton. "Shekara hamsin ina faɗa da datti, Amidu. Na san inda yake zama."

"Sani ba zai ba mu launi ba, Yaya."

Ta kwance bakin zaninta ta ciro jan goro, irin wanda take aika wa 'yan Bawku cikin ganye, ta ɓare shi biyu. Ta ɗauko magogi, ta goge rabi a cikin murfin kwano, ta ɗiga ruwa. Suna kallo ruwan ya fara juyawa, daga fari-fari zuwa ruwan lemo, daga nan ya koma kalar tsatsa sak.

"Riguna nawa na Baba wannan abin ya lalata mini," in ji ta. "In ya kama, ko sabulun solo ba ya fitar da shi."

Amidu ya tsoma siririn burushinsa, ya ja layi ɗaya a ƙarƙashin jirgin, inda ido ba zai gani ba in abin ya ƙi. Ruwan ya bi tsagin roba ya kwanta a lunguna. Ya hura masa iska. Da ya bushe, sai ga launin hanyar Yendi bayan an ɗauke ruwa. Ya saki wata dariya da shi kansa bai shirya mata ba.

Suka koma inuwar darbejiya. Shi yana riƙe da burushi, ita tana tsaye a kansa tana ba da umarni kamar a wurin lodin doya.

"Ƙara a bayan taya. A'a, ya yi yawa, ba cikin taɓo ya faɗa ba. Goge."

"Yaya, numfashinki yana kaɗa mini hannu."

"Hannunka ne ya tsufa."

Don hayaƙin inji, ta kankaro baƙin gindin tukunya da cokali, tana mita cewa tukunyar maƙwabta ce, nata ba su da irin wannan. Amidu ya shafa shi da auduga, ya ja shi baya yadda iska za ta ja. Shatin hannun ne ya fi ba su wahala. Sau huɗu yana yi tana cewa bai yi ba. A na biyar ya feƙe tsinken ashana, ya ɗiga 'yan yatsu huɗu da babban yatsa, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Hajiya ta sunkuya ta duba. Sai ta juya ta shiga madafa, ta ce albasa tana jiranta.

Ya fesa abin riƙe launin ana kiran sallar azahar. Yana sallamewa ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida.

Mista Kolin ya fi yadda yake a waya tsawo, fuskarsa ta yi ja saboda zafi, ga safa cikin takalmi mai igiya. Ya ce "Sannu" sau uku, ita ce Hausarsa gaba ɗaya. Aka ajiye masa kujera da tebur a inuwa. Amidu ya haɗa masa shayi yadda ya sani: madara kaɗan, babu sikari, biskit biyu.

"Babu sikari?" Hajiya ta tambaya da Hausa. "Ciwon suga gare shi?"

"Haka yake so."

"Allah sarki. Duk arzikin Ingila."

Kolin ya tsoma biskit ya ci, ya lumshe ido, ya ce tun da ya sauka Ghana yau ne ya sha shayi. Sannan ya goge yatsunsa, ya sa tabarau, ya ce, "To, ina shi?"

Amidu ya ajiye jirgin a kan tire a gabansa, ya koma gefe ya harɗe hannuwa a baya.

Tsohon bai taɓa shi ba da farko. Ya zagaya tebur. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara, ya leƙa cikin jirgin daga ƙasa. Ya ciro gilashin ƙara girma daga aljihu, ya tsaya a kan ƙofar, ya daɗe a wurin.

"Hannun wa?"

"Na mahaifina."

Kolin ya gyaɗa kai. Ya kai hancinsa kusa ya shinshina.

"Wannan ba garin da na aiko maka ba ne. Shekara arba'in ina neman wannan jan. Na gwada shayi, na gwada kofi, matata har ta hana ni shiga kicin. Wane kamfani ne?"

Amidu ya fassara wa yayarsa. Ta kwance bakin zani, ta ciro sauran rabin goron, ta miƙa wa baƙo da hannu biyu, yadda ake yi wa kowane baƙo a gidan tun zamanin kakanni. Kolin ya gatsa. Fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, idonsa ya kawo ruwa, amma ya daure ya haɗiye. Da Amidu ya ba shi labarin safiyar, tun daga ruwa uku har tukunyar maƙwabta, sai da ya cire tabarau don dariya.

Daga nan ya buɗe jakarsa, ya fito da wani akwatin katako da aka shimfiɗa wa soso, ya tura shi gaban Amidu.

"Sa shi da kanka. Ni ba zan taɓa ba."

Jirgin ya zauna cikin gurbin kamar don shi aka yanka. Kolin ya ciro ƙaramin kati da biro. Ya rubuta sunan Malam Mukaila da Yendi, Amidu yana faɗa masa harafi harafi. A ƙasa ya rubuta wanda ya haɗa. Sannan ya ɗago ya nuna Hajiya da biro, ya ce a ƙa'idarsu kowa da aikinsa ake rubutawa.

"Me yake cewa?" in ji ta.

Amidu ya yi gyaran murya, yana danne murmushi. "Sunanki yake so. Za a rubuta cewa ke kika sa dattin."

"Ni? A Ingila? A gaban mutane?"

"Mutum ya fi dubu, in ji shi."

Hajiya Fuseina ta dubi tsakar gidanta da aka share har sau biyu, ta dubi kwanukanta da ke walƙiya a rana. Ta gyara mayafi, ta matso kusa da tebur, ta leƙa katin.

"To ka ce masa ya sa Hajiya a gaba. Kuma ya rubuta da kyau, ban son ƙazamin rubutu."