Masu Ido Uku a Kicin ɗin Herr Lembke

"Ya yi girma, Frau Ahrens. Ai ba doki za ki ba wa ba."

Gundula Ahrens ta ajiye wuƙar ta ɗago ta dube shi. Ortwin Lembke na tsaye a ƙofar kicin ɗinsa, kwat a jiki, 'yar jakar asibiti a hannu, yana haki kamar wanda ya yi tsere, amma idonsa na kan guntun dafaffen karas ɗin da ta yanka. Can ƙasa mai tasi ya riga ya danna ham sau biyu. Ta ce masa shekara talatin ta yi tana dafa wa yara abinci a makarantar unguwa, ba a taɓa koya mata riƙon wuƙa ba sai yau. Ya ce ai shi ya sa rabin garin nan suka taso da ciwon ciki. Ya karɓi wuƙar, ya tsaga karas ɗin har ya koma kamar ƙwayar shinkafa, sannan ya ɗauki cokalin shayi ya ƙwanƙwasa akwatin gilashin da ke kan tebur sau uku, ya jefa karas ɗin a ruwan da ke ciki.

Daga cikin yashin da ke ƙasan ruwan suka taso. Tara ne, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, da ɓawo a baya kamar ƙaramar garkuwa, da wutsiya mai reshe biyu, ƙafafu ba iyaka suna motsi a ƙarƙashi. Idanu biyu baƙaƙe manne da juna, na uku a tsakaninsu. A littafi Triops ake ce musu, shi kuwa "tsofaffina" yake kiran su. Ya ce ta ba su da ƙarfe takwas na safe da kuma la'asar, kada ta kuskura ta zuba musu ruwan famfo, sai na sama daga durom ɗin tsakar gida. Ta ce ta ji, ya tafi kafin mai tasi ya tara musu jama'a.

Shekara ashirin da biyu ƙofarsu na kallon juna a hawa na uku, bango ɗaya ne tsakanin kicin ɗinta da nasa. Shi aikin ganuwar tare ambaliyar kogin Elbe ya yi har ya yi ritaya. Marigayiya matarsa Traute ce ta fara kiwon nan: wata shekara da ambaliya ta janye, ta ɗebo busasshen taɓo daga wani kwari a bayan gari, ta zuba masa ruwa, kwana biyu sai ga abu na yawo a ciki. Ƙwansu na iya kwana shekaru a busasshen yashi yana jiran ruwa, su kuwa da kansu ba sa wuce wata uku a duniya. In sun mutu sai a shanya yashin a zuba a kwalba a rubuta shekara. Kwalaben na jere a kan kanta, na farko-farko da rubutun Traute, sauran da nasa.

Gundula ba ta son shiga gidan ita kaɗai. Ba ƙara sai ta firiji da 'yar fitilar da ke ɗumama ruwan. Kwana na uku ta ga wasu farare fes suna lilo a ruwan, kamanninsu ɗaya da masu ran har da gurbin ido, amma ciki babu komai. Ta ɗauka gawarwaki ne kafin ta tuna ya ce suna yin saɓa kamar maciji. Kwana na biyar ta ƙirga ta sami takwas. Ta tona yashin da cokali, ba gawa, ba ɓurɓushi. Da ya bugo waya da rana kamar yadda ya saba, ta ce masa duk suna nan lafiya, su tara. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce takwas ne, daga muryarta ya ji, kuma rowar karas ta yi musu, don in yunwa ta kama su ɗan'uwansu suke cinyewa.

Akwai kuma wani abu da ba ta faɗa masa ba. Kullum in ta shigo sai ta tarar da su sun taru a gefe ɗaya na gilashin, kawunansu na fuskantar wata kujera mai koren matashi da ke jikin taga, wadda ba ta taɓa ganin kowa a kanta ba tun rasuwar Traute. Ta ce a ranta hasken taga suke bi. Wata rana ta ja labule ta rufe. Da la'asar ta dawo ta same su a nan dai, a jere, ƙafafunsu na ta kaɗawa.

Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti, ran na sha uku ta ji ana hawowa bene a hankali, ana tsayawa a kowace matakala. Shi ne. Da kansa ya sa hannu a takarda ya fito. Likitoci sun ce zuciyar ta gaji, abin da ya rage makonni ne, in ya zauna a wurinsu wataƙila su ƙara masa wani abu a kai. Ta kama shi ta zaunar, ta kawo masa romon dankali, ya sha cokali huɗu ya ture. Sai ya nuna kantar kwalaben ya ce ta sauko masa da ta ƙarshe mai rubutun Traute. Shekara goma sha ɗaya ba a buɗe ta ba. Gundula ta sauka tsakar gida da bokiti ta hau da ruwan sama, ya juye yashin a ƙaramin akwatin gilashi, ta tsiyaya ruwa a kai yana kallo.

"Iyayen waɗannan daga hannunta suka ci," in ji shi. Sannan ya ce, "Gundula."

Bai taɓa kiran ta da sunanta ba, kullum sai Frau Ahrens don girmamawa. Ta tsaya da bokitin a hannu.

"In abin ya zo, kada ki kira motar asibiti. Ki yi mini alkawari."

Ta san dalilinsa, don a gabanta aka yi. Traute mako uku ta yi a gadon asibiti tana roƙon a mayar da ita gida, shi kuwa ya bi maganar likitoci ya ƙi, har ta cika a can wata safiya yana hanyar zuwa. Tun daga nan 'yarsu Henrike, da ke aiki a Kiel, ta janye jiki, sai katin Kirsimeti kawai. Gundula ta ce masa wannan ba ƙaramin kaya ba ne zai ɗora mata, ita da ba dangin iya ba na baba. Ya ce ai shi ya sa, dangi ba sa iyawa. Ta ce to, da sharaɗin za ta kira Henrike. Ya ce bai yarda ba. Ta ce ba izininsa ta nema ba, labari take ba shi. Da yamma ta buga, Henrike ta saurare ta har ƙarshe, ta ce aiki ya yi mata yawa, amma ran Asabar za ta zo.

Kwana biyu ruwan ƙaramin akwatin ya cika da 'yan ɗigo-ɗigo kamar garin tuwo, suna tsalle. Herr Lembke ya sa aka jawo masa kujerarsa gaban tebur, a nan yake wuni, a nan yake barci, don kwanciya na toshe masa numfashi. Ya karɓi aikin ciyarwar daga hannunta, ya ce kafin ya dawo ta kashe masa uku, ya isa. Kowace safiya da takwas daidai takan ji ƙwas, ƙwas, ƙwas ta bango tana shan kofi, ta san ya kwana. Wani lokaci takan ji yana magana ƙasa-ƙasa, ya yi shiru kamar mai sauraron amsa, ya ci gaba. Sau ɗaya ta shigo da magani ta tarar ya juya wajen kujerar taga yana cewa ai ya faɗa mata za su fito, ita ce mai gardama. Da ya ga Gundula bai ji kunya ba, ya ce ta ajiye maganin a nan.

Ran Alhamis da la'asar abin ya taso masa tana nan. Leɓunansa suka yi shuɗi, ƙirjinsa na kurari, hannunsa ya damƙe gefen tebur har ruwan akwatin na girgiza. Ba ta san lokacin da ta ɗauki waya ba. Ta danna biyu daga lambobi ukun kiran motar asibiti, saura ɗaya. Ba ya iya magana, ido kawai ya zuba mata. Ta tuna Asabar jibi ce, in suka ɗauke shi wataƙila ya kai, ya ga 'yarsa. Ta tuna kuma Traute. Ta kife wayar a kan tebur, ta buɗe taga, ta ɗiga masa maganin da likita ya bari a ƙarƙashin harshe, ta tsaya a bayansa tana riƙe da kafaɗunsa har numfashin ya lafa. Da ya dawo hayyacinsa ya ce hannunta sanyi kamar na mai sayar da kifi. Wajen ƙarfe shida ya ce ta je ta huta, yana son ya zauna shi kaɗai. Ta tafi rana ba ta faɗi ba.

Washegari da takwas tana zuba kofi ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta sauke ajiyar zuciya, ta sa takalmi ta gangara gidan burodi ta sayo 'yan ƙanana masu ɗumi guda huɗu, har ta tsaya hira da mai shagon a kan ruwan da aka yi kwanan nan. Tara ta gota ta buɗe ƙofarsa da makullinta, tana cewa yau ko ya ƙi ko ya so sai ya ci biyu.

Yana zaune yadda ta bar shi, bargo a gwiwa, kansa ya ɗan karkata wajen taga. Ta taɓa hannunsa ta ji shi sanyi ƙalau, ya sandare. Ta daɗe tsaye da ledar burodin kafin ta kira likitarsa.

Likitar, wata doguwar mace mai furfura, ta duba shi a natse, ta rufe masa ido, ta ce tun jiya da yamma ne, da alama ba a daɗe ba bayan fitarta, kuma bai sha wuya ba. Gundula ta ce ba zai yiwu ba, da takwas ɗin nan ta ji shi yana ƙwanƙwasa gilashi. Likitar ta ce tsofaffin gidajen nan bututun ruwansu kan yi ƙara da safe, ta ci gaba da cike takarda. Gundula ta matsa kusa da tebur. Idonta na kan babban akwatin. A tsakiyar yashin akwai ɗan guntun karas, ja sabo, girman ƙwayar shinkafa, biyu daga cikinsu sun rungume shi suna juyawa. Ta ciyar da su kwana goma sha biyu, ta san irin wannan ba ya kai awa ɗaya a wurinsu. Ta nemi cokalin shayin a kan tebur ba ta gan shi ba. Yana can cikin kwandon kwanuka, a wanke, da ɗigon ruwa a jikinsa.

Masu ɗaukar gawa suka zo kafin azahar, benen ya yi musu ƙunci sai da suka ɗan miƙar da shi tsaye a inda ya lanƙwasa. Henrike, da Gundula ta sanar wa ta waya, ta iso da la'asar, ba ta cire kwat ba, ta tsaya a tsakiyar kicin tana kallon kwalabe. Ta tambaya ko ba a iya kai shi asibiti ba ne. Gundula na iya cewa abin ya zo ba zato, babu mai ƙaryata ta. Sai ta gaya mata gaskiya: yadda wayar ke hannunta, yadda ya dube ta, yadda ta ajiye.

"Da na kira, mai yiwuwa da kin same shi da rai. Ni na hana."

Henrike ta juya wajen kwalaben. Ta sa yatsa ta shafa rubutun da ke jikin kwalbar da aka juye.

"Mama ma abin da ta roƙa ke nan," in ji ta. "Babu wanda ya yi mata."

Ta tambayi yadda za a yi da waɗannan abubuwan, ko a zubar. Gundula ta ce a bar mata makulli, manyan kwanansu ya kusa ƙarewa, ƙananan kuwa za ta ga abin da hali zai yi. Henrike ta gyaɗa kai, ta shiga ɗakin barci ta rufo ƙofa.

Gundula ta shiga banɗaki za ta wanke fuska, sai ta ga ƙofar injin wanki a ɗan buɗe. Rigunansa ne a ciki guda uku, da safa, a wanke, da danshinsu, ita kuwa ba ta sa wanki ba. Ta kwashe a kwando ta sauka tsakar gida, ta karkaɗe su ɗaya bayan ɗaya ta shanya a igiyar da mutanen gidan ke amfani da ita, kusa da zanen gadon masu hawa na farko. Babu iska ko kaɗan. Ta zauna a kan benci da kwandon a cinya, rigunan na rataye hannuwansu a ƙasa.