An Binne Shi da Sunan Sunday

Ɗanladi ba ɗan fari ba ne, shi ya sa nake iya kiran sunansa. Shi ne auta, shi kaɗai ya rage mini a gida bayan yayyensa mata sun yi aure. Ranar Lahadi na haife shi, sunan ya bi shi tun yana goye. Kabu-kabu yake yi a Yelwa. Idan kasuwar ƙauye ta ci, yakan ɗora babur a jirgi ya tsallaka ruwa, ya kwana can, wani lokaci ya ƙara kwana. Na saba da haka. Da bai dawo ba a wancan karon ban sa komai a raina ba. Na kira wayarsa na ji ta a kashe, na ce rashin caji ne.

Ina kasuwa da hantsi ina jera banda a tire, Asama'u mai manja, wadda rumfarta ke jikin tawa, ta fashe da dariya tana kallon waya.

Ta ce, "Uwani, taho ki ga hauka. Dubi yadda 'yan babur ka kai ɗan'uwansu kabari. Sai ka ce biki."

Na leƙa. Babura ne ba iyaka a kan wata jar hanya, suna bin a-kori-kura mai ɗauke da akwatin gawa. An ɗaura sifika a kan motar, kiɗa na tashi. Wasu samarin sun miƙe tsaye a kan babur, wasu na ɗaga tayar gaba, hon ta ko'ina. Dukansu farar riga suka sa, da hoton mamacin a ƙirji. Na ce, "Allah ya kyauta," zan koma kan kifina, sai ɗaya daga cikinsu ya matso dab da mai ɗaukar hoton, ya ja rigarsa yana nuna ta.

Wushiryar na fara gani. Sai tabon girar hagu, inda ya faɗa kan murhun banda yana rarrafe. Amma wannan yaron gashi ne da shi, dada, igiya-igiya har wuya. Ɗana kuwa kullum da ƙatuwar hular sanyi a kansa, ko da zafin bazara, har na gaji da yi masa faɗa a kanta.

Na ce, "Maido shi baya."

Ta maido.

"Mi anka rubuta ƙasan hoton?"

"Sunday," in ji Asama'u. Ta dubi fuskata, dariyar ta ɗauke. "Kama ce, Uwani. Kirista na, ba ki ga akwati ba?"

Ban san lokacin da tiren ya kife ba. An ce mini na zauna a ƙasa cikin kifin, ina ta cewa a maido shi baya.

Asama'u ce ta riƙe ni har shagon yayana Yusha'u, tela, a bakin tasha. Ya kalli bidiyon sau ɗaya, ya cire tabarau, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Bai ce kama ce ba. Ya fita ya tambayi 'yan kabu-kabu, wani ya gane hanyar, ya ce Tungan Gwanda ce, can ƙetare ta wajen Ngaski, kuma jiya aka yi abin. Yaya ya dawo shago ya yanko farin yadi ya naɗe a leda.

Ya ce, "Tashi mu tahi. Ɗanmu ba ya kwana bayan coci."

A cikin jirgi ban yi kuka ba. Ina kallon ledar a cinyarsa, ina cewa a raina idan mun isa za mu tarar da uwar Sunday tana zaman makoki, in yi mata gaisuwa in juyo gida.

Tun daga bakin ruwa muka ji kiɗan. Wata doguwar rumfar zana ce a ƙarƙashin mangwaro, an jera babura a gabanta, kowane da kwalliyarsa: fitilu kala-kala, geza a hannu, an zana kan zaki a tankin wani. Samari na zaune a benci da ƙoƙuna a hannu, manyan tukwanen burukutu na gefe suna kumfa. Hayaƙin da ke tashi ba na itace ba ne. Na san warin, ina jin sa a bayan tasha, wiwi ne. Wasu sun ɗora baƙar jaket a kan farar rigar, duk da zafin da ake yi. Duk inda na juya, fuskar ɗana ce a ƙirjin wani.

Yaya ya yi sallama da ƙarfi. Aka rage kiɗan. Wata mace kakkaura, ba ta kai ni shekaru ba, ta taso tana goge hannu a zane. Ita ce Rachel, mai rumfar.

Ta ce, "Sannunku da zuwa. Wa kuke nema, Baba?"

Na nuna hoton da ke ƙirjin rigarta. Na ce, "Wanga."

"Sunday? Ayya, Mama, kin makara, jiya munka..."

"Ɗanladi. Ni na haife shi."

Wani ya kashe sifikar gaba ɗaya. Na ga masu hayaƙi suna murje abin a ƙasa da takalmi, wani ya tura ƙoƙonsa ƙarƙashin benci. Wani dogon saurayi da ɗan kunne a kunne ɗaya ya taso ya durƙusa a gabana. Benjamin sunansa, shi ne babbansu. Ya dubi hijabina, ya dubi gemun Yaya da hularsa, bakinsa ya buɗe bai iya rufe shi ba.

Ya ce, "Inna... Musulmi ne?"

Yaya ya ce, "A'a, limamin cocinku na! Kun ɗauki ɗan mutane kun sa a akwati kamar kayan lefe, kuna tambayata!"

Benjamin ya ɗora hannu biyu a ka. Daga durƙuson ya ba mu labari. A hanyar dawowa daga kasuwa tayar gaba ta fashe, Ɗanladi ya daki itace, ko shurawa bai yi ba. Wayar ta farfashe. Su dai sun san daga Yelwa yake zuwa, ba su san gida ba, don bai taɓa kai kowa ba.

"Wallahi Inna mun nema. Mun shiga Yelwa coci-coci muna tambayar gidan su Sunday mai babur. An kai mu wurin Sunday har uku, kowane da ransa, ɗaya ma ya bi mu da sanda. Ga zafi, gawa ba ta jira. Munka ce ba mu bari a rufe shi kamar wanda ba ya da kowa."

"Wa ya ce muku sunanshi Sunday?"

Rachel ta ce, "Shi da bakinshi, ranar da ya fara zama a bencin can. Na ce yaro mi ne sunanka, ya yi ɗan jim, ya ce Sunday. Har na ce mishi, mutum ke tunani kafin ya tuna sunanshi?"

Na gane. Duk wanda ya ji an ce Ɗanladi mai kabu-kabu na rumfar burukutu, kafin la'asar maganar ta iso rumfata. Sai ya juya sunan. Bai ma yi ƙarya ba, ranar ce dai.

Yaya ya ce, "Ba ku taɓa ganin ya yi salla ba?"

Suka dubi juna. Benjamin ya sunkuyar da kai. "Ba mu taɓa gani ba, Baba."

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi a baya. Na ce wa Rachel, "Dube ni. Yana shan wannan abin naki?"

"Yana sha, Mama. Ba ni yi miki ƙarya kan mamaci. Ba da yawa ba, ganyen ya fi so. Shi waƙa ce tashi, in ya riƙe makirfo ba mai tashi." Sai ta dafa ƙirji. "Yesu! Shi ya sa. Duk shekara in azuminku ya kama sai ya ɓace wata guda, ya ce aiki ya yi yawa a gari. Mu ko a jikinmu."

Yaya bai ji wannan ba. Ya kama hannun jaket ɗin Benjamin yana juya shi, yana duba ɗinkin wani kifi da aka yi da jan zare a kafaɗa. Ya ce, "Wa ya yi wanga?"

"Sunday. Duk namu shi ya yi."

"A kan kekena," in ji Yaya. "Ya ce mini kujerar babur yake gyara." Ya saki hannun kamar ya taɓa wuta.

Kafin azahar gari ya taru. Faston cocinsu ya zo, wani siririn dattijo, tare da limamin tungar, wanda aka kira daga gyaran koma. Suka zauna a tabarma ɗaya, ashe ma 'yan wa da ƙane ne. Faston ya ce kuskure ne, kuma da hannunsa aka yi shi, ɗa namu ne, in mun ce a tono ba mai hana mu. Liman ya ce shi ma ya ga wucewarsu jiya, har ya yi wa Rachel gaisuwa. Ya ce ana iya tonowa a yi masa sutura, ana kuma iya barinsa inda yake a yi masa salla a kan kabarin, tunda ga yadda ya rasu, ga zafi, ga kwanan ƙasa.

Yaya ya ce, "Babu wannan. Ba wanka, ba likkafani, an kwantar da shi rigingine da takalmi a ƙafa? A tono."

Liman ya ce, "Uwa tana nan. A ji ta bakinta."

Duk suka juyo. Ni abin da ke idona akwatin nan ne a bayan mota, da kiɗa. Na ce, "A tono."

Ba a hana mata zuwa bayan coci, don haka na bi su. Kabarin na can ƙarshe kusa da gonar gero, an yi masa tudu, an kafa gicciyen katako da sunan Sunday. An jingina madubin babur ɗinsa a jiki, da furannin roba. Rachel ce ta tuge gicciyen da hannunta, ta kwantar a gefe. Yaya ya nemi shebur, Benjamin ya ce, "Bari, Baba. Mu munka rufe, mu za mu buɗe." Suka tuɓe jaket, suka rage daga su sai farar rigar.

Ƙasar ba ta riga ta kama ba, tana tashi da sauƙi. Ina tsaye ina kallon fuskar ɗana tana sunkuyawa tana ɗagowa a ƙirjin masu tonon, gumi ya jiƙa ta, jar ƙasa ta ɓata ta. Ramin ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ƙudaje suka fara zuwa, manya, koraye. Na ga mutane suna jan riga zuwa hanci a ɓoye don kada in gani. Ni mai kifi ce, ba a ɓoye mini wari.

Sai shebur ɗin Benjamin ya daki katako.

Ƙara ce ƙarama, ƙwas, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa. Ban san ta ina ihun ya fito ba.

"Ku bari! Ku bar shi!"

Yaya ya ce, "Uwani, koma gefe ki zauna. Ku ci gaba."

"Ba mai buɗe shi. Yaro ya fashe a itace, ya kwana a ƙasa, yanzu a ɗaga shi gaban gari a tuɓe shi? Wa zai riƙe shi? Kai?"

"Ni zan riƙe shi! Kin san abin da kike yi? Gobe ƙiyama a nan za ya tashi, tsakiyar..." Ya kalli faston, bai ƙarasa ba.

"Wanda za ya tashe shi ya san inda yake."

"Ke kika ce a tono."

"Na ce. Yanzu na ce a mayar."

Benjamin na tsaye a cikin ramin da shebur, hawaye da majina sun haɗe masa, yana kallona yana kallon Yaya. Liman ya ce a hankali, "Fito, yaro." Aka miƙa masa hannu ya fito.

Suka mayar da ƙasar. Liman ya aika aka kira Musulmin tungar, masunta ne yawancinsu, suka yi alwala a bakin ruwa suka zo da ƙafafu jiƙe. Ya duba rana ya daidaita gabas, suka yi sahu a cikin gonar gero, kabarin na gabansu. Yaya ya tsaya gefe da ledarsa har aka ɗaga hannu za a yi kabbarar farko, sannan ya ajiye ta a ƙasa ya shiga ƙarshen sahu. Faston ya cire hula. 'Yan babur suka ja baya suka jeru a jikin bangon coci, hannuwa a baya. Rachel na kusa da ni, tana warin tsimi, ta riƙe mini gefen hijabi don iska. Ban ce ta saki ba.

Da aka sallame, Yaya ya wuce ta gabana bai dube ni ba. Jirgi daban ya shiga. Ya zo zaman makoki don idon mutane, ya karɓi gaisuwa a waje tare da maza, amma har yau bai taka cikin gidana ba, kuma idan na bi ta tasha sai ya duƙar da kai kan keke. Mata a unguwa sun rabu biyu, wasu na cewa na yi daidai, wasu na cewa na bar ɗana a hannun coci. Asama'u ta goge bidiyon daga wayarta, amma yana wayar kowa.

Ni ban sani ba ko daidai na yi. Abin da na sani, ko yau aka sake ba ni zaɓi aka ce ga shebur ya taɓa katako, ba zan bari a buɗe ba.