Dangin Miji

Ranar Talata aka zo aka auna ƙasar lambun gidana, aka ce guba ce. Matata ta riga ta rasu tun bara, don haka ni kaɗai na ji labarin, a tsaye, da kofin shayi a hannu.

Unguwarmu ta jingina ne da katangar tsohon kamfanin batir. Da kamfanin ya rufe, masu shi sun kwashe injuna da ƙofofi har da kwanon rufi, suka bar mana abin da ba ya ɗaukuwa a mota. Sai da ciyawa ta cinye harabar sannan wasu mutanen jami'a suka tuna da mu. Shugabarsu wata matashiya ce mai takalmin roba da safar hannu, kowa Dakta yake ce mata. Tana ɗauke da wata na'ura mai kama da bindigar wasan yara, tana ɗora bakinta a ƙasa tana karanta lamba.

Ta auna bakin ƙofa, ta taɓe baki. Ta auna gindin katanga, ta girgiza kai. Da ta ɗora na'urar a tsakiyar lambun, inda alayyafo da tumatir da albasa suke, sai ta ɗaga, ta goge bakinta da tsumma, ta sake ɗorawa. Ta ce dalma da 'yan'uwanta sun fi yawa a wannan ɗan wurin fiye da cikin harabar kamfanin kanta, kuma ita ba ta gane dalili ba. Ta tambaye ni ko muna cin abin da ke fitowa a nan. Na ce mata ai ba don ado aka shuka albasa ba.

Lambun na matata ne. Alƙaliya nake ce mata, domin a duk zamanmu ba a taɓa yin shari'a a gidan nan na yi nasara ba. Ni na ƙare ƙarfina a maɗaba'a ina farautar waƙafi da ɗigo a rubutun mutanen da suka fi ni suna, na karanta abin da ya isa ya lalata idon mutum biyu, amma ita da jimla ɗaya take kwance mini littafi guda. Ita kuma Sarkin Kujera take ce mini.

Babbar abokiyar gabarta wata ciyawa ce doguwa, mai kaushin ganye da ƙananan furanni rawaya. Idan ka murje ganyen, warin tsatsa yake yi. Daga katangar kamfani take tsallakowa. Alƙaliya ta raɗa mata suna dangin miji: ba a gayyace su ba, ba sa sallama, in ka kori ɗaya goma su dawo, kuma a wuri mafi kyau suke shimfiɗa tabarma. Kullum da safe tana duƙe tana tuge su, ni ina kan kujera ina ba da fatawa. Nakan ce ta ƙyale su, duk abin da ya nace wa wuri haka yana da aikin da yake yi. Takan ce haka kowane rago yake faɗa game da kansa.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke ta. Likitoci sun ce shekaru ne, sun ce hawan jini ne, sun ce haƙuri. Ba wanda ya tambayi inda take kwana, balle abin da take shukawa.

Dakta tana shirin fita sai ta hango dangin miji a gindin katanga, inda suka yi gari tun da babu mai korarsu. Ta durƙusa a gabansu kamar ta ga kakarta. Ta kira su da wani suna na Latin da ya fi ciyawar tsawo, ta ce su ne ma abin da suka zo nema. Saiwarsu tana zuƙar ƙarfen da ke ƙasa, ta tara shi a kara da ganye. Idan sun girma sai a yanke, a kai wata tanda ta musamman a ƙone, a rufe tokar a inda ba ruwa ba iska. A sake shukawa, a sake yankewa. Ta ce ba abin al'ajabi ba ne, aiki ne na shekaru, kuma dalma ba ta sakin ƙasa da sauƙi. Abu ɗaya kawai ta ja mini kunne a kai: kada tokar ta koma ƙasa, domin duk gubar da aka tattaro daga fili guda tana cikin ɗan tafin hannu.

Na ajiye kofin a kan taga don kada ya faɗi.

Alƙaliya ba ta zubar da komai. Duk abin da ta tuge, daga gida har bakin layi, takan shanya shi, ta ƙone a tsohuwar rabin ganga, ta barbaɗa tokar a kan alayyafo. Takan ce ko dangin miji sai sun biya kuɗin kwana. Na gaya wa Dakta haka. Ta dubi gangar, wadda har yanzu tana kife a lungu. Na tambaye ta ko da an bar ciyawar a inda take, da matata tana nan.

Ta ce, "Baba, ba zan iya cewa e ba, ba zan iya cewa a'a ba."

Na yaba mata. A sana'ata na ga mutane da yawa da ba su san komai ba, amma ba su taɓa rasa amsa ba.

Abin da suke so shi ne in ba su izini su kwashe ƙasar lambun gaba ɗaya, tunda ta wuce ƙarfin ciyawa, su zuba wata, sannan su shuka dangin miji a duk sauran filin. Na ce zan yi shawara. Da wa zan yi, ban sani ba.

'Yata ma'aikaciyar jinya ce, ita kaɗai gare mu. Ta gaji bakin uwarta, ba ta gaji dariyarta ba. Tana da 'yar ƙaramar yarinya da ta fara rarrafe, wadda duk abin da hannunta ya kai sai ya ziyarci bakinta. Da ta ji sakamakon awon, ta zo ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa.

Ta ce, "Baba, ko lambun ko jikarka. Ba zan sauke ta a ƙasar nan ba."

Na ce mata hannun uwarta ne a wurin. Kowace kunya ita ta ja, kowane dutse ita ta jera. Ta ce ta sani, ta kuma san inda uwarta take yanzu. Ta tafi ba ta sha ruwa ba.

Na yi taurin kai har damina ta kusa. Ina ba alayyafo ruwa, ina kallonsa yana tsufa yana yin iri, ba na ci, ba na bayarwa. Tela, maƙwabcina, wanda tuni ya miƙa nasa filin, yakan leƙo ta kan katanga ya tambaye ni ko zakkar gubar ta isa fitarwa. Ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ya ƙi taɓa fartanya matarsa na da rai ba, sai da ta mutu ya zama sarkin noma. Na ce masa shi ya sa wandunan da yake ɗinkawa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, idonsa kullum yana gidan wani. Amma maganarsa ta zauna. Ba lambu nake reno ba. Ina tsaron wurin ne don kada a ce ta yi kuskure, ita da ba ta nan balle ta kare kanta.

Wata safiya 'yata ta turo mini hoto a waya. Yarinyar ta miƙe tsaye, tana riƙe da ƙafar tebur, a ɗakin da ban taɓa shiga ba. Ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Na kira Dakta.

Sun zo da shebur da buhuna masu kauri, fuska a rufe. Kafin azahar sun kwashe aikin rayuwar mace guda, sun ɗaure bakinsa, sun loda a mota. Gangar ma sun tafi da ita. Wani daga cikinsu ya tsinci tsohuwar 'yar fartanyarta a cikin ƙasa, ya tambaya ko ina so. Dakta ta ce ba za a bar ta ba. Ban yi musu ba, na saba.

Yanzu dangin miji ne a gidan, layi-layi, da igiya da ɗan allo mai lamba, ana ba su ruwa a kan lokaci. Ban taɓa ganin baƙon da ya ci riba irin wannan ba. Idan sun kai ƙugu sai a zo a yanke su kafin su zubar da iri. Dakta ta ce lambar tana sauka, kaɗan-kaɗan. Ta ce wataƙila jikata ta ci tumatir daga ƙasar nan. Ba ta ce ni ba, kuma na gode mata da ba ta yi ƙarya ba.

'Yata tana kawo yarinyar yanzu, amma a kan siminti kawai, da takalmi. Ran nan 'yar tawa tana tsaye tana kallon furannin rawaya ta tambaye ni ko an gano abin da ya sa lambun ya fi ko'ina guba. Na ce iska ce, daga can take kaɗowa. Ta dube ni irin kallon uwarta, ta ƙyale.

Da yamma nakan fito da kujerar, in zauna a inda na saba. Kamfanin ba wanda ya tuhume shi. Masu shi, in suna raye, suna can suna shan iska mai kyau. Ni kuma an bar ni da nasarar da na jira tun ina saurayi, ta iso babu wanda zan kai wa. Da tana nan na san ba za ta rasa amsa ba. Za ta ce ko agogon da ya tsaya yakan yi daidai wani lokaci, ko ta ce lalaci ne ya yi sa'a. Amsar nake so in ji, ba nasarar ba.

Alƙaliya, ai na gaya miki.