Tutar Gidan Uwar Agata

Shekara goma sha tara Pyo Eun-suk ta yi tana jan addu'ar mamata a cocinsu da ke birnin Mokpo. Da sunan baftismarta, Agata, kowa ya san ta. In aka yi rasuwa ita ake fara bugo wa waya: ita ce wanka, ita ce likkafani, ita ce muryar da sauran mata ke amsawa.

Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne mahaifiyarta 'yar bori ce. Tsohuwar na zaune a unguwar kan tudu, a gida mai tuta fara da ja a kan gora, alamar gidan 'yan bori. Ta daɗe da daina hawan bori, ƙafa ta mutu, ido ya tafi. Kowace Talata Agata kan kai mata kunun shinkafa, ta yi mata wanka, ta yanke mata farce.

Wata Laraba da hantsi hoto ya faɗo zauren hira na matan coci a waya. Ga Agata tana sunkuyawa za ta shiga gidan mahaifiyarta, ga tutar a samanta. Wadda ta saka shi Ok Mal-sun ce, Beronika, uwar baftismarta, wadda ta yafa mata farin mayafi da hannunta ranar da ta shiga addini. A ƙasa ta rubuta: "Mu sa 'yar'uwarmu a addu'a."

Kafin azahar saƙo ya wuce ɗari biyu.

"Ashe raba ƙafa ake yi. Lahadi coci, Talata aljanu."

"Da wannan hannun ta wanke min miji? Tsigar jikina tashi take."

"Dama na ce muryar nan ba ta Allah da Annabawa ba ce."

Wata ta ɗauki hoton Agata na bikin Ista, ta liƙa mata hular bori da wuƙa a hannu. Aka yi ta turo fuskokin dariya.

Agata ta rubuta: "Mahaifiyata ce. Ba ta da lafiya." Ta ɗauka magana ta ƙare. Sai Beronika ta amsa: "To ashe a nono aka sha."

Ta fice daga zauren. Minti biyu aka mayar da ita. Ta sake ficewa, aka sake jawo ta, har sau bakwai. "Ina za ki, bokanya? Ba ki duba mana ba tukuna."

Ran Lahadi a coci, da aka zo gaisuwar salama, ta rusuna dama, matar ta juya baya. Ta rusuna hagu, waccan ta kama gyaran mayafi. Bayan an tashi ta sami limamin cocin, Fada Bang, a ofis ta miƙa masa wayar. Ya karanta layi uku ya mayar mata.

"'Yar'uwa Agata, ki kashe wayar mana. Abin da ido bai gani ba..."

"Fada, su ne dai ke zaune kusa da ni a benci."

"Ki ɗauke shi gicciyenki. Kuma ki ɗan huta da jan addu'a, har ƙura ta lafa. Uwargida Beronika ta yi wa cocin nan hidima mai yawa, kin gane."

Ta gane. A bakin ƙofa ta ci karo da Beronika.

"Mama, me na yi miki?"

"Ni? Addu'a na roƙa miki, 'yata. Laifi ne?" Ta kakkaɓe mata wani abu a kafaɗa, ta wuce.

Mahaifiyar Agata ta rasu cikin watan Nuwamba. Agata ta saka sanarwa a zauren, da lambar ɗakin makoki. Mutum sittin da huɗu suka karanta. Amsa ɗaya ta zo: "A kira aljanunta su yi mata."

Kwana uku ta yi tana zaman makoki. Ta sa a dafa miyar nama mai yaji ta mutum hamsin. Ita da 'yarta Da-som da wasu tsofaffin mata biyu, abokan borin marigayiyar, suka ci abin da suka iya. Addu'ar mamata ɓangare biyu ce, wasu su ja, wasu su amsa. Agata ta ja, ta yi shiru daidai tsawon amsar, ta sake ja. A rana ta biyu ɗaya tsohuwar ta fara gunguni a wurin shirun, ba ta san kalmomin ba, sautin kawai take bi.

Bayan jana'iza Da-som ta karɓi wayar ta canja mata lamba. Agata ta koma wani coci a hayin gada, tafiyar minti arba'in a bas, sujadar asuba, inda ba mai tambayar sunanta.

Da bazara aka bugo wayar gida. Wata daga cikin matan ce, muryarta ƙasa-ƙasa. Mijin Beronika ya rasu, sabuwar mai jan addu'a ba ta iya ba, kuma tsoron gawa take ji. Wai Agata ta zo ta taimaka.

"Yaya Agata, abin da ya wuce ya wuce. Mu fa duk mun yafe miki."

Agata na riƙe da kan kabejin da take gyarawa don ajiya, hannunta duk gishiri.

"Ina aiki," ta ce.

Ta ajiye wayar. Ta ɗan tsaya ko za ta ji daɗi, ko zuciyarta za ta tuhume ta. Ba ta ji ko ɗaya ba. Ta koma kan kabejinta.